Gammon Kawu Sallau

Ku matso kusa. Bintu, rage fitilar nan. Kun sha tambayata abin da ya sa Kawu Sallau ke tafiya kai a sunkuye. To, ba tsufa ba ne.

Ya daɗe yana dako a tashar jiragen ruwa, can kurmi. A lokacin, buhu ake saukewa, a ka. Dokar 'yan dako ɗaya ce: duk wanda ya ce maka "ɗora mini", ko maƙiyinka ne, sai ka kama masa.

Sai kwantena ta shigo. Buhu ya ɓace, injin ɗaga kaya ya karɓe aikin, aka sallami 'yan dako. Kawu ya tsira, don ya rantse wa sababbin shugabanni cewa bai taɓa dako ba, shi malamin duba kaya ne. Aka ba shi hular kwano. Kai ya kumbura.

Ran nan rana tsaka, yana bin lungun kwantenoni tare da shugabansa. Tsit, ko tsuntsu babu. Sai ga wani tsoho tsugune gaban buhu, da gammo a ka. Buhu fa, a inda aka manta kamanninsa.

"Sallau, ɗora mini."

Bakin tsohon bai motsa ba. Daga cikin wata kwantena a kulle muryar ta fito.

Kawu ya saci kallon shugabansa. In ya sunkuya, asiri ya tonu, aiki ya tafi. Sai ya kau da kai, ya ce da Turanci shi ba ya jin Hausa.

Tsohon ya miƙe. Ƙafafunsa na ɗigar da ruwan teku, dugadugai a gaba, yatsu a baya. Ya cire gammon, ya aza wa Kawu bisa hula.

"Ba komai. Tunda ba ka ɗorawa, ɗauka."

Shugaban ya waiwayo. "Da wa kake magana?"

Ba tsoho, ba buhu. Ashe Kawu kaɗai ya gani. A banza ya yi musun harshen da ya sha a nono.

Tun ranar nauyin bai bar wuyansa ba. Da ya dawo gida, wani malami ya ce maganin da sauƙi: ya je cikin 'yan dakon kasuwa ya ce, "Ku sauke mini." Kawu ya je. Ya tsaya har la'asar, kunya ta hana shi buɗe baki. Ya dawo yana hawaye, ya ce wa Inna, yayarsa, "Yaya, da wane bakin zan roƙa?"

In rabo ya kai ku tashar nan, kada ku ratsa lungun kwantena ku kaɗai. In kuma aka ce "ɗora mini", ku yi bisimilla ku kama.