Sunan da Jagora Ta Nema

"Barka da hantsi, Inna Ladidi. Kin shigo Zauren Gwamnati, sashen lafiya. Akwai takarda ɗaya da ke jiran amincewarki kafin azahar."

Muryar ta fito ne daga wata 'yar na'ura mai girman goro, maƙale a bakin mayafin tsohuwar. Jagora ke nan, abin alfaharin birnin Tudun Haske a shekarar 2094. Tun da aka rufe ofisoshi aka kwashe komai aka zuba a shafin intanet, ita ce idon makafi. Tana karanta musu shafi, ta cike musu takarda, muryarsu kuma ta zama sa hannunsu. Mai ido taɓa allo kawai yake yi ya wuce. Makaho kuwa sai ya furta da bakinsa.

Takardar ta ɗanta ce, ɗanta na fari, wanda ke kwance a asibiti kwana shida bai san inda kansa yake ba. An samu ƙodar da ta dace da shi, irin wadda ake rainowa a ɗakin gwaji. Matarsa ta rasu, 'yarsa Rakiya ba ta kai shekarun sa hannu ba. Idan uwar ba ta amince ba kafin azahar, ƙodar ta na bayansa ce a layi.

"Na amince mana! Har sai an tambaye ni?"

"Faɗi sunan majiyyacin."

Shekara arba'in da uku, sunan nan bai taɓa fita daga bakin Inna Ladidi ba. Ita ta mutanen da ce, uwa ba ta kiran sunan ɗan fari, kunya ce.

"Ai kin san shi. Yaron nan dai."

"Ba a gane ba. A sake."

"Baban Rakiya."

"Ba a gane ba. A sake."

"Haba, 'yar nan! Mai sunan kakansa nake nufi."

A kan allon masu ido akwai jan rubutu da ke gargaɗin cewa dama uku ce kawai, don maganin 'yan damfara. Babu wanda ya koya wa Jagora karanta wannan jan rubutun. Babu! Sai kawai ta ce, cikin muryarta mai sanyi, "An rufe wannan takarda na awa ashirin da huɗu. Mun gode da ziyartar Zauren Gwamnati."

Ranar Litinin Injiniya Barira Gambo, wadda ta shugabanci ƙera Jagora, ta zauna tana sauraron muryoyin da aka naɗa na takardun da aka kasa kammalawa a makon jiya. Aiki ne da ta saba yi tana kurɓar shayi. Da ta zo kan wannan, shayin ya huce a hannunta. Don na'urar ba ta daina naɗar murya ba bayan ta rufe takardar.

"Zubairu," in ji tsohuwar, a hankali, kamar mai sata. Sannan da ƙarfi. "Zubairu! Na ce Zubairu! Ɗana ne, ni na haife shi. Don girman Allah ki buɗe!"

Haka ta yi ta kira har aka yi kiran sallar azahar. Barira ta ƙirga sau sittin da ɗaya, ta kasa ci gaba.

Ta hau motar sama zuwa tsohuwar unguwa, gidan Inna Ladidi. Tun daga bakin lungu ta hango tabarmi a ƙofar gida da maza zaune jugum. Zubairu ya cika ranar Asabar.

Ta durƙusa a gaban tsohuwar a tsakar gida. "Inna, ya haƙuri? Ni ce na ƙera na'urar nan. Laifina ne, wallahi laifina ne."

Inna Ladidi ta laluba har ta kamo hannunta. "Tashi, 'yata. Kwanansa ne ya ƙare, ban riƙe ki a zuciya ba. Abin da ke cina daban ne. Tun yana ƙarami yake tsokanata, wai Inna sau ɗaya dai ki kira sunana in ji yadda zai fito. Sai in kai masa duka da mafici, ya gudu yana dariya. Ga shi na kira, na kira har maƙogwarona ya bushe. Amma ƙarfe na kira wa. Shi bai ji ba."

Barira ta yi kuka har mata suka shiga ba ta baki, ita da ta zo ta'aziyya.

Da ta koma ofis ta buɗe cikin Jagora. Ta sa ta riƙa karanta gargaɗin, ta kuma sa ita ce za ta faɗi sunan, mai amincewa ya ce "e" kawai. Abin takaici, gyaran bai ci mata minti goma ba. Shekara bakwai suka yi suna gina na'urar nan, injiniyoyi sittin, sun koya mata harsuna tara, sun karɓi lambobin yabo. A cikinsu duka babu wanda ya taɓa shimfiɗa tabarma ya zauna da makauniya tsohuwa ya tambaye ta abin da bakinta ba zai iya faɗa ba.