Jifa a Gidan Magaji Mai Banda

Rana ta kusa faɗuwa, wata Talata, Fatsuma tana zaune a tsakar gida tana tsince shinkafa, sai dutse ya faɗo cikin faifanta. Ta ɗauka ta duba. Jiƙaƙƙe ne, da gansakuka a jikinsa, kamar yanzu aka tsamo shi daga ƙasan kogi. Rabon garin Yelwa da ruwan sama kuwa wata huɗu.

Kafin a kira sallah wasu uku sun biyo baya. Ɗaya ya fasa randa.

Mijinta Magaji bandar kifi yake yi, a unguwar da ke bayan kasuwa, inda gidaje suke jingine da juna. Sati biyu kafin nan ya gina sabon murhun banda a kusurwar gidansa, jikin katangar da ta raba shi da Dudu. Dudu tsohuwa ce, ba ɗa ba jika, ɗaki ɗaya gare ta da akuya. Ta riga kowa zama a layin.

Kullum magariba sai an yi jifan. Magaji ya hau katanga da sanda, bai ga kowa ba. A rana ta shida 'yarsu Aminatu, mai shekara goma sha biyar, ta fito da buta za ta yi alwala, sai ta tsaya cak. Ta fara tari irin na wanda hayaƙi ya shaƙe, ta faɗi tana murza idanu. Da ta buɗe baki, ba muryarta ce ta fito ba.

"Dudu. Dudu. Dudu."

Abin da take faɗa ke nan har gari ya yi duhu.

Da safe maƙwabcinsu Dogo ya sami Magaji a ƙofar gida. "Mi kake jira? Ɗiyarka ta kama suna da bakinta. Tsohuwar ga, da wa take magana in magariba ta yi? Mun sha jin ta tana sallama a lungun da babu kowa."

Aka jawo Dudu da hantsi, unguwa ta taru. Aka shimfiɗa Aminatu a tabarma, aka ce tsohuwar ta tsallake ta sau uku ta saki kurwarta. Dudu ta ce, "Magaji, a kan cinyata anka yi wa ɗiyar ga aski ranar suna." Magaji da hannunsa ya fizge zanenta, don an ce mayya ba ta saki sai tsirara. Ta tsallaka, hannu ɗaya a ƙirji. A karo na uku ƙafarta ta harɗe, ta faɗi, wasu suka yi dariya. Ba wanda ya miƙa mata mayafi, har Fatsuma.

Kafin la'asar an kware kwanon ɗakinta, an watso kayanta layi. Washegari aka gan ta a bakin ruwa da ƙunshi ɗaya, tana shiga jirgin Wara. Magaji ya rushe katangar, ya ƙara murhu biyu a inda gadonta yake.

Jifa ya ƙaru. Aminatu ta daina cin abinci, idanunta suka yi jajir suna zubar ruwa. Bayan sati uku Fatsuma ta sa aka ɗauko Malam Sahabi daga Shanga.

Malamin bai yi magana da yawa ba. Ya zagaya gidan, ya daɗe a tsaye gaban murhun, sannan ya zauna kusa da kan yarinyar bayan sallar la'asar ya fara karatu. Inuwar katanga tana tafiya a hankali har ta rufe tsakar gida. Kaji suka yi tsit. Can Aminatu ta miƙe zaune, ta tanƙwashe ƙafafu kamar tsohuwa.

"Ya isa, Malam. Kana ƙona ni."

"Wace ce ke?"

"Mutanen ruwa muke. Da ruwa ya ci garinmu munka hau tudu, kamar yadda naku sunka hau. Dudu ta ji kukanmu, ta ce mu zauna kusurwar katangarta. Shekara hamsin da ɗoriya ba mu taɓa kowa ba. Wanga mutum ya zo ya hura wuta a kanmu. Hayaƙinshi ya makantar mini da ɗa."

"Don mi kika kira sunan Dudu?"

Muryar ta yi dariya maras daɗi. "Kiranta nike ta faɗa musu su ɗauke wutar. Ita kaɗai ke jin mu. Kullum tana roƙona in ƙyale yarinya, wai ba ruwan yarinya. Don ita nika sassautawa."

Fatsuma ta toshe bakinta da gefen zane. Magaji ya dubi ƙasa.

"Yanzu mi kike so?" in ji Malam.

"Idon ɗiyarshi. Biyu da biyu."

"Ba ki samu. Wanda bai yi laifi ba ba ya biya, a wurinku ko a wurinmu."

"Haka kuke yi? Dudu mi ta yi?"

Malam Sahabi ya koma karatu da ƙarfi, jikin yarinyar yana karkarwa, muryar tana ihu, har ta ce ta ji. Aka daidaita: a rushe murhun duka kafin rana ta faɗi, kuma Magaji ya je da ƙafarsa ya nemi gafarar Dudu. Ita kuma za ta kwashi 'ya'yanta ta koma ruwa, ta rantse ba ta dawowa.

"Shi je," in ji ta. "Ina son shi je."

Aminatu ta yi atishawa uku, ta kwanta, barci ya ɗauke ta.

Magaji ya isa Wara ranar kasuwa. Ya yi ta tambaya a bakin ruwa har wani direban jirgi ya gane wadda yake nufi. Tsohuwa mai ƙunshi ɗaya, in ji shi, ta kwana tara a wata rumfar da ba kowa, ba ta roƙo, ba ta magana. Wata safiya suka same ta ta cika. Ba wanda ya san sunanta. Ya kai Magaji maƙabarta, ya nuna masa sababbin kaburbura huɗu, ya ce ɗaya daga ciki ne, amma ba zai rantse da wanne ba.

Da Magaji ya dawo Yelwa, mutanen layi suna zaune a ƙofar gidansa.

"Ka same ta?" in ji Dogo.

"Na same ta. Tana wurin danginta, lafiya lau. Ta yafe wa kowa."

Aka yi hamdala da ƙarfi. Kowa ya tashi da saurinsa, ba wanda ya ƙara tambaya.

A cikin gida Aminatu tana zaune tana shan kunu, idanunta sun washe. Magaji ya tsuguna gabanta, ya miƙa hannu zai dafa kanta. Ta kauce.

"Kabarin Dudu na biyu daga bakin hanya ne, Baba," in ji ta, da muryarta ta kullum. "Matar ruwan ta nuna mini kafin ta fita daga jikina. Ka tsaya a kan ƙafafun Dudu, ba ka ko ɗaga hannu ka yi mata addu'a ba."

Ta ɗauki kwanonta, ta shige ɗakin innarta, ta saki labule.