Kwalayen Ƙarƙashin Gadon Inna

Madam na tsaye a ƙofar ɗakin karatu da tsintsiya a hannu. Dokta kuwa ya zauna dirshan a ƙasa, ƙaton littafi a cinyarsa, gilashi ya zamo har kan karan hanci.

"Dokta, tun safe fa ka ce tantancewa kake yi."

"Ita nake yi."

"Karatu dai kake yi! Ko kwali ɗaya ba ka cika ba."

"To ya zan sallami littafi ban ji ta bakinsa ba? Ko ma'aikaci za a kora ai sai an saurare shi."

Duk masu ba da labarin nan sun taru sun ɗora wa bawan Allah laifi, musamman mata, kuma wannan rashin adalci ya daɗe yana ƙona mini rai. Bari a ji yadda aka yi.

Dokta malamin jami'a ne, masanin duwatsu da ruwan ƙarƙashin ƙasa, ya kusa ritaya. Tun yana saurayi yake tara littattafai, har suka cinye bango huɗu suka toshe taga ɗaya. Gidan bene ne, ɗakunan kwana duk a sama. A ƙasa daga falo sai kicin, sai wannan ɗaki mai banɗaki a ciki. To sai Inna, mahaifiyar matarsa Madam, ta zame ta karye a ƙugu. Aka yi mata aiki, likita ya ce ita da hawa bene sai wani ikon Allah. Ga asma tana fama da ita tun da daɗewa, kuma ba ta da wata 'ya sai Madam. Ko dai a kwashe littattafai a kawo Inna, ko Madam ta koma can garinsu jinya, ba ranar dawowa.

Dokta ya ce a kawo Inna. Da bakinsa ya faɗa, har da dafa ƙirji.

Ana haka sai ga Yaya Babba, yayar Dokta, ta iso ta tarar da kwalaye zube. Ta ja ƙanen nata gefe, amma da muryar da za a ji har kicin.

"Kai yanzu an gama da kai kenan? Yau littattafai, gobe kai za a naɗe a kwali! Duk danginmu wa ya tara abin da ka tara? Baƙo ya shigo ya ga bango fayau, da me zai san gidan Dokta ne?"

"Gwaggo, wallahi duk suna onlayin," in ji Auta, 'yarsu mai karatu a jami'a. "Minti biyu na yi masa dawunlodin."

"Rufe min baki! Kin taɓa ganin an yi wa baƙo ado da dawunlodin?"

Madam ta ji komai. Ta share hawaye da gefen ɗankwali, ta kawo wa Yaya Babba ruwa mai sanyi.

Maganar ta shigi Dokta. Ba don ado ba, in ji shi. Abin da ya tsaya masa a rai shi ne, kowane littafi da shekarar da ya saye shi, da mutumin da yake a lokacin. Ga wanda ya karanta a layin asibiti ranar da aka haifi Auta. Ga na malaminsa da ya rasu. Sai yake ganin in suka fita, wani tsoho ne kawai zai rage, mai ciwon gwiwa.

Saboda haka ya yi dabara, kuma ni dai har gobe ina jinjina wa basirar. Ranar da Madam da Auta suka tafi ɗauko Inna, ya kira kafinta ya ƙara wa gadon da aka tanadar wa Inna tsawon ƙafa, wai don marar lafiya ta ji daɗin sauka. Ya cusa kwalaye a ƙarƙashi har bango, ya ja zanen gado ya sauko ƙasa. Ragowar ya danna su saman durowa da bayan labule. Da suka dawo ya tarbe su yana karkaɗe hannu.

"An raba su duka. Ni ba na riƙe abin duniya."

Madam ta dube shi, idonta ya ciko. "Allah Ya saka maka da alheri, Dokta. Ban san da bakin da zan gode maka ba."

Ya karɓi godiyar nan tsaf, bai bar ko ɗigo ba.

Ba a jima ba Inna ta fara tari. Aka canza matashin kai, aka daina turare, aka hana Auta fesa komai a gidan. Tari sai gaba yake yi. Madam ta rame, ta koma kwana a kujera kusa da gadon. Dokta kuwa duk sanda ta fita kasuwa sai ya leƙo, ya ga idon Inna a rufe, ya durƙusa ya zaro littafi, ya lallaɓa ya fice.

Wata rana da hantsi numfashin Inna ya sarƙe. Abin shaƙarta ya kuɓuce ya gangara ƙarƙashin gado. Madam ta zube ƙasa, ta yaye zanen — sai ƙura ta bugi fuskarta. Kwalaye ne jere, wasu har sun yi funfuna.

"Auta! Kira babanki, ya fito da mota!"

Sai bayan la'asar Inna ta dawo daidai, an sa mata robar iska a hanci. Dokta na tsaye a bakin ƙofar ɗakin asibitin, ya kasa shiga ya kasa tafiya. Madam ba ta ko kalle shi ba.

"Inna," ta ce tana kuka, "kina kwana a kan ƙurar nan, ni ban sani ba, ke ba ki sani ba..."

"Na sani mana."

"Kin sani?"

"Tun ranar farko hancina ya gaya min. Kuma ina ganinsa in ya zo ɗauka, rufe ido nake yi kada ya ji kunya." Ta numfasa. "Mutum ya ba ni ɗakinsa, ya sauke ni a gidansa, sai kuma in buɗe baki in haɗa shi da matarsa? Na ce tari ne, zai wuce."

Dokta ya cire gilashinsa. Ya ƙaraso ya durƙusa a gaban gadon.

"Inna, ki yafe min."

"Tashi, ɗana, gwiwarka ba lafiya gare ta ba."

A baranda ya tsayar da Madam. "Ki yi min faɗa mana. Ki ce wani abu."

"Me zan ce? Da ka ce min ba za ka iya ba, da mun zauna mun nemi mafita tare. Godiyar da ka bari na yi maka ce take min ciwo."

Kafin a sallamo Inna ya kira tsofaffin ɗalibansa, waɗanda yanzu suke koyarwa a makarantu daban-daban. Suka zo da motoci. Wannan karon Madam ta kafa doka, shi kuma ya bi: ba zai buɗe ko ɗaya ba, ya miƙa kawai. Sai dai hali ba ya ɓuya, duk wanda ya miƙo hannu sai ya amsa tambaya tukuna.

"Kai, wane irin dutse ne ya fi riƙe ruwa? Ba ka sani ba? Shi ya sa zan ba ka, je ka karanta!"

Yaya Babba ta zo da niyyar hanawa. Da Auta ta ba ta labarin rufe idon Inna sai ta ɗaura ɗankwali a hanci ta karɓi tsintsiya. Madam da kanta ta ware wa Dokta kantar littattafai guda a sama, ta ce ya zaɓi na zaɓa.

Da aka wanke ɗakin, aka buɗe tagar da ta daɗe a toshe, sai ga fili fetal. A wannan fili Inna ta fara koyon tafiya, Madam riƙe da hannun dama, Dokta riƙe da na hagu. Ranar da ta kai taga da ƙafarta, Auta ta saki ihu, Madam ta dubi mijinta ta kan kafaɗar uwarta ta yi masa murmushin da ya daɗe bai gani ba.

"Kin ga aikina ko?" in ji shi.

"Na gani, Dokta. Riƙe ta da kyau."

To 'yan'uwa, ku da kuke shirin aure da ku da kuka daɗe a ciki: duk abin da ka tara, in ya hana naka numfashi, ya zama kaya. Gara ka ce wa matarka "ba zan iya ba" da ka karɓi godiyar abin da ba ka yi ba. Haƙurin Madam da kawaicin Inna su suka riƙe gidan nan, na yarda. Amma a riƙa tunawa, don Allah, cewa shi ma mutumin ya ba da bango huɗu.