Satar Faifai a Hukumar Tallafin Zawarawa

Da hantsi rahoton ya iso ofishin Sufeto: an shiga ɗakin na'urori na hukumar da ke tallafa wa matan da mazansu suka rasu, an kwashe faifan ajiyar bayanai na kwamfuta. Ya ɗauki hularsa, ya yafito Saje, suka hau mota.

A zauren jira suka tarar da mata jingim, wasu da goyo, an ce musu shafin hukumar na intanet ya tsaya. Wadda ta tarbe su wata mace ce mai tabarau, shugabar masu rubuta manhaja, kowa Injiniya yake ce mata.

Ɗakin na'urorin sanyi ƙalau, kuma ba a ɓalle ƙofa ba. Sufeto ya lura da cewa sababbin na'urori na nan ba wanda ya taɓa su, tsohuwa guda aka farke wa ciki. Wane irin ɓarawo ne zai bar sabo ya ɗauki tsoho?

Injiniya ta yi masa bayani. Gwamnati ta daina hayar manhajar kamfanoni, ta koma buɗaɗɗiya, wadda kowa ke iya karanta yadda aka rubuta ta. Umarni ya zo cewa har tsohuwar manhajar hukumar sai an baje ta a intanet cikin makon nan. Ita ce a faifan da aka sace.

"Akwai kwafi?"

"Babu, ranka ya daɗe," ta ce, tana goge tabaran da ba su yi datti ba.

Na'urar ƙofa ta nuna cewa da katin Dogo aka shiga ranar hutu da rana. Dogo na cikin matasan da aka sallama da aka soke kwangilar kamfaninsu. Wanda ya kai su ga wannan bayani shi ne mataimakin darakta, dattijo mai furfura da ƙamshin turare, wanda ya rubuta tsohuwar manhajar tun yana saurayi. Ya ce Dogo ɗan ƙanwarsa ne, shi ya samo masa aikin, amma gaskiya ba ta da ɗan'uwa. Har da share ƙwalla.

A wata rumfar gyaran waya suka sami Dogo, a tsugune kan allon da ya fashe. Ya ce wannan ce sana'arsa yanzu. Abokan aikinsa wasu sun koyi sabuwar manhajar an ɗauke su, wasu suna tuƙin haya. Shi ma yana koyo, har gyare-gyare yake tura musu kyauta ko za a tuna da shi. Katin kuwa, ya ce ya ɓace.

Gida suka wuce da shi don bincike. Matarsa ta nuna musu jaririyar da aka haifa ranar da aka yi satar, ta ce tun safe mijinta na asibiti, ma'aikatan jinya shaida ne. Mahaifiyarsa kuma, da ta ji ana maganar kati, ta fito daga ɗaki tana gyara ɗankwali.

"Wane ɓata? Ba a gabana ka ba Yaya ba, ya ce zai mayar maka ofis?"

Dogo ya sunkuyar da kai. "Kawuna ne, yallaɓai. Shi ya riƙe ni bayan rasuwar babana."

Sufeto ya yi musu sallama ya fita.

Ya koma hukumar, ya rufe ƙofa da Injiniya. Ya ce ya daɗe a aikin nan, bai taɓa ganin mai sana'a irinta da za ta bar abu mai muhimmanci ba kwafi ba. Sai ta buɗe kwamfutarta.

Ashe tuni ta tura kwafin ga wasu masu sa kai su duba kafin a baje. Ɗaya daga cikinsu, wata malamar jami'a a wata ƙasa, ta gano wani ɓoyayyen umarni a ciki. Duk bazawarar da ta yi rajista, in dai yarinya ce, sai manhajar ta tura hotonta da lambar wayarta da adireshinta ga mutum guda, sannan ta dakatar da tallafinta. Darakta ya ce a rufe maganar, kada sunan hukuma ya ɓaci, shi ya sa ta ce babu kwafi. Shi wanda ya dasa umarnin bai san an gani ba.

"Mata nawa?"

"Na daina dubawa," ta ce.

Saje ya kira wasu daga cikin lambobin. Mafi yawa suka kashe waya. Guda ta ce wani dattijo mai turare ya zo har gida tana cikin makoki, ya ce zai gyara mata matsalarta idan ita ma ta gyara masa tasa. Ta kore shi, kuma har yau ba ta ga tallafi ba.

Mataimakin darakta na shan shayi Sufeto da Saje da Injiniya suka shiga ofishinsa. Ya tambaya ko yaron ya amsa laifinsa. Sufeto ya nemi makullin motarsa, ya miƙa wa Saje. Ba a jima ba Saje ya dawo da faifan, a naɗe cikin tawul, daga ƙarƙashin tayar ko-ta-kwana.

Dattijon ya fara da musu, ya ce sharri aka yi masa. Da Injiniya ta juyo masa da kwamfutar ya ga umarnin da ya rubuta da hannunsa, sai ya ajiye kofin shayin. Ya amsa cewa shi ne. Ya ce rabin rayuwarsa ya ba manhajar nan, rana ɗaya aka ce kowane ɗan koyo ya zo ya leƙa cikinta. Matan kuma, ai ba wadda ya tilasta, taimako ne.

"Dogo fa?"

"Yaro ne. Da ya yi 'yan shekaru a kurkuku ya fito, ni zan riƙe masa iyali."

Sufeto ya kama mutanen da suka yi kisa, amma bai taɓa jin ƙyamar taɓa wani kamar wannan ba. Ya ce wa Saje ya sa masa ankwa.

A bakin ƙofa Dogo na tsaye, shi da aka kawo ya ba da shaida. Dattijon ya tsaya a gabansa, murya ƙasa-ƙasa.

"Ɗana, ka lallashi uwarka, ka ce mata kuskure ne."

"Za ta zo caji ofis, Kawu. Ka faɗa mata da bakinka."

Aka tura shi bayan mota, ƙamshin turarensa ya cika ta. Sufeto ya sauke gilashi har ƙasa, ya ce wa direba ya ja.