Kofin Gwaggo Tasalla

Hular wata na'ura ta fara ɗumi a kan Gwaggo Tasalla, sai ga hoto a jikin bango: madafi fari fat a wata ƙasa mai sanyi, da kofin roba guda, an ware shi can ƙarƙashin wurin wanke-wanke.

"Nawa ne wannan," in ji Gwaggo. "Matar gidan da na yi aikatau cewa ta yi baƙin fatata zai iya zuba a nasu."

Balaraba, 'yar ƙanenta, ita ce injiniyar da ta ƙera na'urar, ta raɗa mata suna Tono. Aikin Tono shi ne ta tashi abin da ya kwanta a ƙwaƙwalwa, ta kwafe shi har da zafinsa, ta mai da shi fim. Wanda ya sa hular kallo kuwa, a jikinsa zai ji komai.

Da farko tsohuwar ta ƙi. "Ke dai bar abin nan ya kwanta, 'yar nan." Amma ina, Balaraba akwai naci. Ta ce dole duniya ta san abin da 'yan aikatau ke sha a ƙetare. Gwaggo ita ta goye ta, kuma tun da ta dawo gida a kwano ɗaya suke cin tuwo. Ta yaya za ta hana ta?

Fim ya fita, ya karɓu. A gidajen kallo na Sabuwar Kano, manyan mutane suka riƙa fitowa da jajayen idanu, musamman saboda wurin da Gwaggo ke gaida firji da safe, don shi kaɗai ne ke amsa mata a gidan. Balaraba ta sha yabo har kanta ya soma girma.

Abu guda ne ba ta gwada ba. Tono ta iya tashin abin da ya wuce, ba ta iya mai da shi barci ba. Ƙwaƙwalwar da aka tona sai ta ɗauka yau abin ke faruwa.

Ranar da aka ba Balaraba lambar yabo, ta dawo da azahar, ta zuba tuwo a kwanonsu, ta shimfiɗa tabarma.

"Gwaggo, bismillah."

Tsohuwar tana tsaye a bayan ƙofa, kai a sunkuye, riƙe da wani tsohon kofin roba da ta samo a shara ta wanke.

"Gwaggo, ni ce fa, Balarabarki. Zo mu ci."

Ta kai hannu za ta kamo ta, Gwaggo ta yi maza ta ɓoye nata a bayanta. Tsoro ya kama Balaraba irin wanda ba ta taɓa ji ba.

"Ki yi haƙuri, Madam," in ji Gwaggo a hankali. "Idan kin gama, sai in ci abin da ya rage."