Tsamiyar Gidan Sallau

Da sunan Allah nake farawa. Mutanen wannan labari huɗu ne: Zaidu, ɗalibin kwalejin horon malamai, Zuliha, 'yar tsibiri, mahaifinta Sallau, mai jiragen fito a Wara, sai Tanimu masunci, wanda shi ma ya so ta.

A shekarar da aka tare kogin Kwara a Kainji, malamai suka kawo ɗalibai su zaga tsibiran ƙasar Yawuri kafin ruwa ya rufe su. Zuliha ce ta tuƙa jirgin da Zaidu ya shiga. Ta ga ya ƙanƙame gefen jirgi, ta yi dariya.

"Ɗan boko, saki katakon nan, ba gudu zai yi ba."

"Ban iya iyo ba," in ji shi, "amma tunda ke ce a baya, na ɗan samu natsuwa."

Tun daga ranar, kowane hutu sai ya zo Wara. Da maganar aurensu ta kai ga Sallau, ya ce a'a. "Tanimu ya san ruwa. Matsoraci kuwa, ranar da abu ya faru, shi ne zai kifar da jirgi da ɗiyata a ciki."

Da damina ta yi nisa ɗaliban suka dawo, ruwa ya riga ya haɗiye gidaje. Jirage biyu suka ɗauke su: Zaidu a na Zuliha, Sallau da Tanimu a ɗayan. Suna tsakiyar tafki iska ta taso. Zuliha ta yi abin da ta saba tun ƙuruciya, ta nufi tsamiyar ƙofar tsohon gidansu, wadda kanta kaɗai ya rage a sama. Ba ta san duk macizan tsibirin a nan suka fake ba.

Sai da jirgi ya shige cikin rassa suka ga ganye yana motsi. Gamsheƙa ta faɗo a kan cinyar Zaidu, ta fasa kai. Sauran ɗaliban suka ƙame.

Daga ɗaya jirgin Tanimu ya yi ihu, "Faɗa ruwa!" Sallau ya toshe masa baki, domin ruwan ma cike yake da macizai, kuma zabura ɗaya ta isa ta juye jirgin.

Zuliha ta soma jan jirgin baya a hankali.

"Zaiduna, ni za ka duba, kada ka dubi ƙasa. Laifina ne. In muka fita, ko Baba ya ƙi, ba ni auren kowa sai kai."

Gumi yana ɗiga daga haɓar Zaidu, leɓunansa suna salati, bai ko ɗaga yatsa ba. Da suka fita fili ta zura filafili ƙarƙashin macijin, ta wurga shi nesa. Sannan ne Zaidu ya sume.

A gaɓa, Sallau da kansa ya yayyafa masa ruwa har ya farfaɗo.

"Yaro, na ga gwanayen iyo sun kifar da jirgi a kan abin da bai kai wannan ba. Ka turo magabatanka."

Bayan girbi aka ɗaura aure a sabon gari. Allah ya ba su zaman lafiya da zuriya mai albarka.

Ni da girmana na koyi rubutu. Wanda ya ga inda na kuskure, ya taimaka ya gyara mini, Allah ya ba shi lada.