Tsohuwar Da Ke Jiran Duwatsu Su Haɗu

Ku matso kusa, ku rage murya. Malama Uwani ce abin ya faru da ita, kuma da rana tsaka.

Ilimin duwatsu take koyarwa a kwaleji. Shekarar da ɗanta tilo ya rasu, ta kai ɗalibanta wani kogon farar ƙasa da aka killace don masu yawon buɗe ido. Ciki duhu ne, ga sanyi. Tana haska tocila tana yi musu bayani, cewa nan duk teku ne a da, dutsen ma ɓawon katantanwa ne da ya taru ya daskare. Ruwan sama ke ratsowa yana narkar da shi. Kowane ɗigo sai ya bar ɗan fari-fari, har tsini ya sauko daga rufi, wani ya taso daga ƙasa. Kafin ya kai tsawon yatsa, an yi shekaru ɗaruruwa.

Ɗalibai suka bi ɗan jagora suka yi gaba. Ita ta dakata, don tun rasuwar ba ta son hayaniya. Sai ta ji sallama daga wani lungu.

Tsohuwa ce zaune, da farin zane. A gabanta tsini biyu, na sama da na ƙasa, saura ƙiris su taɓa juna. Uwani ta amsa sallama, kogon ya maimaita muryarta. Ta tsohuwar bai maimaita ba.

"'Yata, na ji kin san duwatsu. Duba mini. Yaushe za su haɗu?"

Tsohuwar ta ce ɗanta ne ya biyo ɗan akuya cikin kogon, bai fito ba. Masu wurin, wato aljanun kogon, suka yi mata alkawari, ran da duwatsun nan suka haɗu za su mayar mata da shi.

Uwani ta sunkuya ta taɓa tsinin. A bushe yake ƙamas. Ruwan ya sauya hanya tuntuni, kuma ta san dutsen da ya daina ɗiga ba ya ƙara tsawo har abada. Hasken tocilar ya sauka ƙasa. Ƙafafun tsohuwar farin dutse ya rufe su har idon sawu, sun manne da daɓen kogon.

Hannu mai sanyi ya kama wuyan hannunta.

"Ke ma kin rasa naki. Na gani a idonki. Zauna mu jira tare, akwai wuri."

Abin da ya fi tsorata Uwani, ta so ta zauna. Har gwiwarta ta fara lanƙwashewa, sai ta ji wata ɗaliba can nesa tana kiran sunanta. Ta dubi tsohuwar, ta ce, "Sun kusa, Iya. Sun kusa."

Tsohuwar ta yi murmushi irin na yarinya. Ta sake ta, ta danƙa mata wata 'yar katantanwar dutse, ta ce goron albishir ne.

Uwani ta fito daga kogon. Ba ta sake shiga kogo ba har ta yi ritaya. Katantanwar na nan a ɗakinta, kullum a jiƙe, ko da bazara. Takan ce ba ta san ko taimakon tsohuwar ta yi ba, ko ƙara ɗaure ta ta yi.

In an kai ku wurin nan, kada ku ware daga mutane. Balle in akwai wanda kuke kewa.